Malfa da Jan Rawani: Nana Asma'u da Karatun Matan Zamfara

Duk wanda ya taɓa zama gaban rediyo daren zaɓe yana jiran sakamakon ƙaramar hukumar Maradun, ya ji an kira mazaɓar Faru/Magami. A karanto ƙuri'un kowace jam'iyya, wakilai su sa hannu, a wuce ta gaba. Kaɗan ne cikinmu sunayen nan biyu ke tuna wa wani abu. Alhali in ka buɗe littattafan da malaman jihadi suka bari, za ka tarar da su zaune daram, tun Sakkwato ba ta zama birni ba.

Wajen 1786 ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Degel ya shigo ƙasar Zamfara yawon wa'azi. Yana da shekara 30 da 'yan kai, ƙanensa Abdullahi da ke biye da shi kuwa bai wuce 20 ba. Sun yi kimanin shekara 5 a ƙasar, Faru na cikin wuraren da suka fi zama. Suna can ne Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya aika a kira malamai Magami da Babbar Sallah, wajen 1788. Aka raba kyauta, Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya ce a musanya masa da abu 5: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Wannan labari yara ma sun san shi, ana ba da shi a aji.

Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na wata gardama da aka yi a cikin wannan tafiya, a wani garin Zamfara da ake kira Daura, ba Daurar Bayajida ba. Wani malami ɗan Barno, Gwani Mustafa, ya zo ya ga majalisin Shehu, ya ga mata sun fito sauraren wa'azi. Abin ya tsaya masa a rai. Bai tada hayaniya ba, sai ya yi irin ta malaman zamaninsa: ya tsara waƙa da Larabci, ya buɗe da maraba da yabo, sannan ya ja kunnen Shehu da ya hana mata zuwa, don haɗuwarsu da maza abin kunya ne. Shehu ya miƙa wa Abdullahi maganar, ya ce shi ya dace ya amsa. Saurayin nan ya mayar da martani da waƙa mai kari da amsa-amo irin na ta Gwani. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, su ma ba su yarda da cakuɗuwa ba, kuma ba cakuɗa su ake yi ba. Amma ko da a ce akwai aibi cikin fitowar mata, barin su cikin duhu ba su san abin da Allah ya wajabta musu ba ya fi wannan aibi girma, kuma in ɓarna biyu suka haɗu ƙaramar ake ɗauka. Abdullahi ya adana waƙoƙin biyu a littafinsa Tazyinul Waraƙati da ya haɗa a 1813, shi ya sa muka san zancen.

Na daɗe ina ganin ana yi wa Gwani Mustafa rashin adalci in ana ba da wannan labari. Sai a mai da shi wani mai ƙyashin ganin mace ta yi karatu. Ni ban ɗauke shi haka ba. Tsoro ne ya sa shi magana, tsoron abin da zai iya samun mace in ta bar gida ta shiga taro, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne, jiya ko yau. Abin lura shi ne gidan Shehu ba su yi masa dariya ba, ba su kuma bi shi ba. Sun riƙe tsoron a hannu ɗaya, wajabcin karatun a ɗaya hannun, suka yi ta neman yadda za a sulhunta su. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara almajirai a zaure safe da yamma suna neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba wanda ya koya musu ko hukuncin alwala. Wadda ta ƙarasa warware wannan ƙulli kuwa, lokacin da ake gardamar Daura ko haihuwarta ba a yi ba.

An haifi Nana Asma'u a Degel a 1793, bayan komawar Shehu daga Zamfara. 'Yan biyu ne ita da Hassan. Kowane Bahaushe ya san sunan da ke jiran macen da ta zo tare da Hassan, amma Shehu bai sa mata Usaina ba, ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu Asma'u tana ƙarama, sauran matan gidan suka riƙe ta, yayarta Hadiza na cikin waɗanda suka koyar da ita. Gida ne da mace mai karatu ba abin kallo ba ce a cikinsa.

Tana da shekara 11 duniya ta juya musu. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A watan Yuni aka yi nasara a Tafkin Kwatto, kafin shekara ta ƙare kuma aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani kusan 200 suka kwanta dama. Ga yunwa, ga ciwo, ga mata da yara a daji. Farkon 1805 jama'ar suka gangaro Zamfara neman abinci da mafaka, suka yada zango a Sabon Gari, arewa da Anka, wato cikin wannan sashe da Jangebe da Bakura suke. Sun yi wajen wata 7 a nan. Asma'u na da shekara 12 ke nan, sa'ar 'yan aji ɗaya na sakandare. Kuma gaskiya ɗaya ce, zaman bai ƙare da daɗi ba. Zamfarawa sun tarbe su hannu biyu, don su ma suna da tsohuwar jiƙaƙƙa da Gobir, amma da mayaƙa masu jin yunwa suka fara faɗa wa rumbunan mutane, sai zumunci ya lalace. Masu son a ce komai na wancan zamani zuma ne da madara ba sa son jin wannan, amma malaman jihadin da kansu sun rubuta kokensu a kan halin wasu mayaƙan.

Daga Sabon Gari aka koma Gwandu. Wajen 1807 aka aurar da Asma'u ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya zauna Sifawa, ya koma Sakkwato, ya rasu a 1817, shekarar da ɗan'uwan haihuwarta Hassan shi ma ya rasu. Tana da shekara 24. Ita da mijinta suka duƙufa tattara rubuce-rubucen Shehu da labarinsa, takardun da suka sha yawo cikin gafaka a bayan raƙuma da takarkarai tun daga Degel.

To, a nan ne aikinta na kanta ya fara, kuma sai an fahimci halin da ƙasa ke ciki kafin a gane girmansa. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu ko'ina. An kwaso dubban mata daga Gobir da Kabi da sauran wurare, wasu a matsayin ganima, an zuba su cikin gidaje da ƙauyuka da garuruwan ribaɗi irin su Wurno da Bakura. Ba su jin Fulatanci, balle Larabci. Abin da suka sani in ciwo ya zo, ko haihuwa ta yi gardama, ko damina ta noƙe, shi ne bori. A Gobir kuwa bori ba wasan yara ba ne, yana da shugaba a fada, Inna, 'yar gidan sarauta mai faɗa a ji. An ci garuruwa da takobi, amma abin da uwa ke raɗa wa ɗanta a kunne yana goye, wannan takobi ba ya kai wa gare shi. Asma'u ta gane haka tun da wuri.

Makaminta na farko harshe ne. Tana jin Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci, kuma ba ta rubutu da ka, sai ta duba wa take yi wa magana. In malamai ne, Larabci. Da shi ta yi wa wani malamin Shingiɗi da ya zo Sakkwato waƙar maraba, da shi ta rubuta Tabshirul Ikhwani a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i. In 'yan gida ne, Fulatanci. In kuwa talakawa ne, mata na ƙauye da na cikin kulle, sai Hausa da ajami. Abin da ya tsira na rubutunta ya kai kusan 60. Akwai Sunago, inda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30, yadda mace za ta haddace su a 'yan kwanaki. Akwai Goɗaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama. Akwai Waƙar Gewaye, tarihin tafiye-tafiyen Shehu da jihadi, wadda har yau masu tarihi ke dogara da ita. Ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ba ta ƙyale azzalumin sarki da alƙali mai cin hanci da mai tauye mudu ba. Ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi, shi ne kuma ya mayar da waƙoƙinta da dama zuwa Hausa.

Wadda ta fi burge ni ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Bello ne ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata, ya ba ta ta mayar da shi waƙa. Ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, ta kawo Rabi'atul Adawiyya da sauran waliyyan Basra da Sham, sannan ba tare da wani sauya murya ba ta ci gaba da lissafo matan da masu sauraronta suka sani ido da ido, irin su Habiba mai koyar da mata da 'Yar Hindu mai sasanta rigima. Ka duba dabara. Mace tana daka a tsakar gida, ta ji an sa sunan maƙwabciyarta a layi ɗaya da Rabi'a. Ba sai an yi mata doguwar lacca a kan cewa ita ma tana iya kai wa can ba.

Me ya sa waƙa, ba zube ba? Wanda ya tashi a gidan ƙauye ba ya buƙatar a gaya masa. Ina tuna wata gwaggona, Allah ya jiƙanta, in ta zauna kaɗi bayan la'asar. Ta miƙe ƙafa a tabarma, ga ɗan ƙoƙon alli a gefe tana dangwala yatsa, abawa a hannun hagu, ta murza mazari da na dama ya yi ta juyi a kan 'yar fata. Hannuwanta biyu duk a ɗaure suke da aiki, idonta na kan zare kada ya tsinke. Bakinta kaɗai ke sake. Da shi take rera waƙoƙin wa'azi, na siraɗi da mizani da kwanciyar kabari, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ba ta taɓa riƙe allo ba bayan ƙuruciya, amma ta san farillan alwala a jere, don a jere suke a cikin waƙa. Takarda a zamanin Asma'u ta hamada ake kawo ta, da tsada. Mace mai niƙa da daka da ɗiban ruwa da goyo ba ta da hannun riƙe ta ko da an ba ta kyauta. Waƙa kuwa ba ta jiƙewa, gara ba ta cin ta, ɗan hari ba ya ƙwace ta.

Sai dai waƙa ba ta da ƙafa. Wani ne zai ɗauke ta daga Sakkwato ko Wurno ya kai ta ƙauyen da ke kwana biyu ko uku a ƙasa. Wannan ne ya haifar da 'Yan Taru, wajen ƙarshen shekarun 1830, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 da rasuwar Bello a 1837.

Tsarin mai sauƙi ne, amma an yi shi da tunani. Matan aure masu ƙuruciya ba su ne ke tafiya ba, suna gidajensu. Masu tafiya su ne dattijai mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata da ba su isa aure ba. Kowane ƙauye na da shugabarsu, jaji, mace mai hankali da riƙon amana wadda garin ya yarda da ita. Asma'u da kanta ke naɗa ta: ta ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan rawani. Da rani, in an gama aikin gona, jaji ta tara ayarinta su kamo hanya a ƙasa, tana gaba da malfarta, ana ganin ta daga nesa an san ko su wane ne, ba mai tare su. Suna ɗauke da 'yar sadakarsu a ka, hatsi, man shanu, zuma, zare, ƙyalle. Su sauka gidan Waziri, a ba su masauki da ruwa, su huce gajiya. Sannan a zauna. A rera musu waƙa baiti baiti har ta zauna, a warware musu ma'anarta, su kuma su kawo tambayoyin da matan garinsu suka aiko su da su, na tsarki da idda da gado da zaman kishi, irin waɗanda mace ba ta iya buɗe baki ta yi wa malami namiji. Kayan da suka kawo a raba wa marasa lafiya da gajiyayyu. In sun koma, su bi gida gida, ɗaki ɗaki, su sauke abin da suka ɗauko. Su ne kuma masu wankan gawar mata, masu share masallaci, masu duba maraya da mai jego.

Malfar nan fa ba daga sama ta faɗo ba. Irin adon Innar Gobir ce, shugabar bori. Asma'u ta yi wa bori kakkausan suka a waƙa, amma ba ta ƙone hular ba, sai ta ɗora ta a kan wata. Matan da suka saba ganin mai malfa su rusuna, suka ci gaba da rusunawa, abin da ke fitowa daga bakin mai malfar ne ya sauya. Masu wa'azinmu na yau, da ke ganin gyara ba ya yiwuwa sai an fasa kowace tukunya da aka tarar a gidan, da sun tsaya sun kalli wannan da kyau.

Kuma ba ta ɗauki matan nan 'yan aike kawai ba. Cikin marsiyyoyin da ta yi, ga na Bello, ga na Giɗaɗo, ga na manyan malamai, sai ga na wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ba 'yar sarki ba ce ba matar waziri ba, tana yaba yadda ta yi ta kai da kawowa da ayarin mata shekara da shekaru. 'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, ta zauna ta yi wa malamar ƙauye kuka a rubuce.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan gwagwarmaya ba. A Panjab ta ƙasar Indiya, mabiya addinin Sik sun kafa wata ƙungiyar gyara, Singh Sabha, a birnin Amritsar a 1873, don tsarkake addininsu daga al'adun da suka ga sun shige shi, da yin rubutu da harshen mutanensu, da buɗe makarantu. Daga cikinsu aka sami wani malami, Bhai Takht Singh, da ya tsaya kan karatun 'ya'ya mata a garin Firozpur tun daga 1892, tare da matarsa Harnam Kaur, wadda ita ma malama ce, ta kuma rasu ba ta kai shekara 30 ba. Su ma sun sha surutu daga masu ganin fitar 'ya mace abin kunya ne. Hanyar da suka bi dai daban ce: sun gina makaranta, suka ƙara mata ɗakunan kwana, suka ce iyaye su kawo 'ya'yansu amana, har shi malamin ya bi 'yan'uwansa da ke ci-rani a Burma da Malaya yana neman gudummawar gini. Wato su sun tara 'yan mata wuri ɗaya sun kewaye su da katanga, Asma'u kuwa ta bar mata inda suke ta aika musu da makarantar. Kowace hanya na da ranarta. Ta katanga ita ce ke fitar da likita da lauya, amma tana da sharaɗi guda: sai da hukumar da za ta iya tsare katangar.

Daren Juma'a 26 ga Fabrairu 2021 wannan sharaɗi ya karye a Jangebe. 'Yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da tsakar dare, suka kora ɗalibai daji. Da farko 'yan sanda sun ce 317 ne. Ranar Talata 2 ga Maris aka sako 279, aka kai su gidan gwamnati a Gusau. Duk wanda ya ga hotunan ba zai manta ba, yara zaune a jere cikin hijabai masu ruwan bula, wasu ƙafafunsu duk ƙaya ta farfasa. Gwamna Bello Matawalle ya rufe makarantun kwana na jihar. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka kwashi ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun, ƙaramar hukuma ɗaya da Faru da Magami. Cikin wata 7, duka wuraren nan uku sun ɗanɗana.

Bayan abin Jangebe na je gaida wani kawuna. 'Yarsa na wata makarantar kwana daban, ba a taɓa su ba, amma ya je da kansa ya ɗauko ta. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Bayan gaisuwa na ce, “Kawu, in an buɗe makaranta ai za ta koma ko?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ɗana, in an kwashe ta da dare, mi za ni hwaɗa ma uwatta?”

Na shiga kawo masa tarihi, har da gardamar Daura da amsar Abdullahi, ina jin kaina malami. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, “Na ji. Shehu na da Bello da mayaƙa. Ni mi gare ni? Wannan igiya?”

Ban sami abin cewa ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba. A baya ne, ina hanyar komawa, na ga inda na yi kuskure. Na kai masa amsar Abdullahi, alhali amsar Asma'u yake buƙata. Abdullahi ya yi nasara a hujja. Ita kuwa ta zauna ta tambayi kanta, wa zai iya fita lafiya, wa ba zai iya ba, kuma ta yaya karatu zai isa ga wadda ba ta iya fita. A zamanin yaƙi ta yi wannan tunani, lokacin da mayaƙan Gobir da Azbinawa ke kai hari har kusa da Sakkwato, ba a zamanin kwanciyar hankali ba.

Kada a ji ni da kuskure. Ba cewa nake a rufe makarantun boko a koma malfa ba. Waƙa ba ta koya wa yarinya ƙarin jini ko fiɗa, kuma duk macen da ta taɓa naƙuda a asibitin da babu ma'aikaciya mace ko ɗaya ta san abin da rashin 'yan mata a sakandare ke jawowa bayan shekara 10. Tsare makaranta wajibin hukuma ne, ba a yafe mata shi. Hanyoyin ma da jaji ke bi da ayarinta, yau tsohuwa ba ta tsira a kansu. 'Yan dajin yanzu ba su san alfarmar malfa ba. Amma abin da ke damuna shi ne, in aka rufe makaranta a wurinmu sai karatu ya tsaya cak, kamar an kashe fitila, yarinya ta zauna wata shida, shekara, daga nan sai maganar aure. Alhali a kowace unguwa ta Jangebe da Talata Mafara akwai matar da ta gama sakandare ko ta yi kwalejin horon malamai tana zaune, akwai malamar Islamiyyar matan aure da iyaye suka riga suka yarda da ita. Ga rediyo, ga waya a hannun kowa, ana tura wa'azi da waƙoƙin siyasa daga wannan zuwa wancan ko babu intanet. Jajin nan suna nan. Ba wanda ya naɗa su ne, ba wanda ya ba su abin da za su kai, ba kuma wanda zai yi musu marsiyya in sun mutu.

Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka shiga rubuta rahoto cewa matan ƙasar nan ba su da ilimi, alhali ayarin mata na wucewa ta gabansu da rani ba su san ko mene ne ba. Sai da wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta yi kusan shekara 30 a Arewa, ta zauna gaban Waziri Junaidu, jikan gidan Giɗaɗo, ya buɗe mata takardun gidansu, sannan duniyar boko ta farga. Ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, ita da Beverly Mack kuma suka buga tarin rubutunta a 1997. Da Boyd ta shiga ƙauyuka ta tarar da su jaji da ransu, da malfunansu, suna rera waƙoƙin. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985 na ɗaukar ta uwa, har a Amurka ma akwai mata Musulmi baƙaƙen fata, a Pittsburgh da wasu birane, da suka kira ƙungiyarsu 'Yan Taru.

'Yar kawuna dai ba ta koma ba. Da na sake zuwa na tarar tana zuwa karatun dare wurin wata malama a lungunsu, gida huɗu tsakani, ƙanenta na raka ta da tocila. Akwatin ƙarfen da aka saya mata na makaranta, mai sunanta da lambar ɗakin kwana da farin fenti, yana ɗakin uwarta. An cire littattafan an ɗaure su da tsumma an ɗora kan sif, shi kuma ana zuba gero a ciki saboda ɓera.